Kuran ɗaya, baki biyu: abin da ya hana sharjer ɗin Kano shiga priz ɗin Tasawa



Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a wajenmu. Mutum ya je Kano, ya shiga Farm Center ko titin Beirut, ya sayo ordinater ta hannu, ya iso gida da murna, sai ya tarar kan sharjer ɗin ƙafa uku gare shi masu faɗi, priz ɗin ɗakinsa kuwa rami biyu ne kewayayyu. Ko kuma ɗalibi zai tafi karatu Katsina, Zariya ko Sakkwato, shi nasa ƙafa biyu ne, can kuma rami uku ke jiransa. Tambayar guda ce: in na sa, za ta ƙone? Ba tambayar wasa ba ce. Kuɗin ordinater kuɗin buhunan gero ne da yawa, kuma sau da yawa abin da ke cikinta ya fi ta tsada, kamar memuwar ɗin ɗalibin jami'ar Maradi da ya kwashe shekara yana rubutawa, ko lissafin butikin ɗan kasuwa.

Amsar tana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin a nan ƙasarmu ya faru.

Ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda, daga Say bakin kogin Kwara zuwa Barruwa bakin tafkin Cadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Waɗanda suka ja layin ba su taɓa shan ruwan rijiyar Tasawa ba. A Yuni 1898 suka sake zama a Paris, suka ɗora tsinken kompa a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100. Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba ruwa tsakanin kogi da Damagaram, suka yi ta ƙorafi har aka sake gyara a 1904 da 1906. Daga nan tawagar Kaftin Tilho ta Faransa da ta Manjo O'Shee ta Ingila suka bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamun iyaka.

Tsakanin waɗannan zaman na teburi akwai jini, kuma kakanninmu sun gani da idonsu. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta keto ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, Birnin Konni na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Paris ta aiko ya tsayar da su. Kwana biyu zuwa uku bayan nan sojojinsu na haya suka juya musu baki, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet, a nan Maijirgi. Kaburburan na nan. A ƙarshen watan Zinder ta faɗa hannun Faransa. Kano da Katsina kuma suka faɗa hannun Ingila a 1903. Ƙasar da take Katsina ɗaya tun kaka da kakanni ta zama biyu, wa ya koyi Turanci, ƙane ya koyi Faransanci. Shi ya sa yau mu muke cewa kuran su suna cewa NEPA, mu priz su soket, mu sharjer su caja, mu gurup su janareta. To, ramukan da ke jikin bangon ɗakinku ma daga wannan rabon gadon suka fito.

Ku ɗauki kan nan mai ƙafa uku masu faɗi ku duba shi da kyau. Ɗan yaƙin duniya na biyu ne. Jiragen Jamus sun rusa gidaje masu ɗimbin yawa a Ingila, kuma tun yaƙin bai ƙare ba, a 1942, gwamnatinsu ta naɗa kwamitin da zai tsara yadda za a ja wuta a gidajen da za a sake ginawa. Jan ƙarfe ya yi wuya a lokacin. Dabarar da suka fito da ita ita ce a ja waya ɗaya ta zagaye gida kamar zobe, duk priz ɗin gidan su sha daga jikinta. Wayar zoben tana ɗaukar wuta mai yawa, amper 30, wadda siririyar wayar fitila ko ta radiyo ba za ta iya jurewa ba in matsala ta faru. Sai suka ce kowane kai ya zo da ɗan fizibil ɗinsa a ciki, wanda zai tsinke kafin waya ta kama wuta. In kun kwance kan sharjer ɗin da kuka sayo a Kano, in na kirki ne, za ku gan shi kwance kamar ƙwayar magani, an rubuta 3A ko 5A ko 13A. Mace ɗaya ce tak a kwamitin, injiniya Caroline Haslett, wadda ta daɗe tana fafutukar tsaron wuta a cikin gida. A tsarin da ya fito a 1947, mai suna BS 1363, ramuka biyu na ƙasa suna da ƴan ƙofofi a rufe don kada yaro ya tura ƙusa. Ƙafar sama, wadda ta fi tsawo, ita ce mabuɗi. Ita ke fara shiga ta buɗe ƙofofin, ita ce kuma wayar ƙasa, wato ter. Ingila ta kai wannan tsari ƙasashen da take mulka, Najeriya da Gana na ciki. Tsohon tsarinta mai ƙafa uku kewayayyu bai mutu ba, har yanzu shi ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki a gidajen Najeriya da yawa.

Faransa ta bi tata hanyar: ƙafa biyu kewayayyu, wayar ƙasa kuma wani ɗan ƙarfe ne da ke leƙowa daga cikin priz ɗin kansa. Fizibil yana can kusa da kwantar, ba a cikin kai ba. A 1963 ƙasashen Turai suka amince da wani siririn kai mai ƙafa biyu na ƙananan kaya, wanda bai wuce amper 2.5 ba, shi ne wanda kuke gani a sharjer ɗin salula. Wannan gadon muka ci, mu da Benin da Mali da Burkina da Cadi.

Abin da zai ba ku dariya, ko haushi, shi ne wutar da ke bayan ramukan iri ɗaya ce. Mu bolt 220, Najeriya 230, duka biyu suna kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Wannan ɗan bambanci ko fitila ba ta san da shi ba. Kai, ba iri ɗaya kaɗai ba, ita ce dai. An kafa NIGELEC a 1968, shekarar da Najeriya ta kammala madatsar Kainji. A 1976 aka ja layi mai bolt 132,000 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A 1994 aka ja na biyu daga Katsina zuwa Gazawa, nan maƙwabtanmu a kan babbar hanya, daga can ya rabu, reshe ɗaya Maradi, ɗaya Damagaram. Ke nan shekara da shekaru, kuran ɗin da ke juya bantilater a Tasawa da wanda ke juya fanka a Katsina daga tukunya ɗaya ake kwaso su. Wuta tana tsallake iyaka a sama ba mai tambayarta takarda, sai ta iso bango sannan a ce mata ke Bafaranshiya ce.

Ba mu san nauyin wannan igiya ba sai da aka yanke ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin Nijar daga can yake zuwa. Kowa ya tuna yadda aka sha. Masu ƙanƙara, masu walda, masu injin niƙa na lantarki, masu sa caji a bakin tasha. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, wutar ta dawo a makonnin da suka biyo, amma a cikin watannin nan bakwai gurup da panon sola sun shiga gidajen da ba su taɓa tunaninsu ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa, don yana da alaƙa da mutuwar sharjer fiye da duk wata iyaka.

To ina tsoron nan na "wutar waje za ta ƙona kayana" ya samo asali? Yana da tushe. A 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta farko a New York da bolt 110, daidai ƙarfin ƙwan fitilarsa. Amurka ta gina komai a kan haka, yau tana kan 120, sau 60 a daƙiƙa. Turai ta gano cewa in ka ninka ƙarfin wuta, waya siririya ta ishe ka kai aiki ɗaya, sai ta haura 220. Ita kanta Faransa har shekarun 1960 gidaje da yawa suna kan 110 zuwa 127. Japan tana kan 100 har gobe. Dattawanmu da suka je Makka a shekarun baya suka sayo radiyo mai kaset sun san wani ɗan maɓalli a bayansa, gefe ɗaya 110 gefe ɗaya 220. Wanda ya manta bai juya shi ba, yana sawa a priz sai ƙara da hayaƙi, tsarabar hajji ta tafi. Daga irin wannan ne tsoron ya zauna a zukata, kuma iyaye suka gadar wa ƴaƴa.

Sharjer ɗin ordinater na yau wata halitta ce daban. Na da, tiransifoma ne na ƙarfe da nannaɗaɗɗiyar waya, mai nauyi kamar dutsen guga, an yi shi don ƙarfin wuta ɗaya tak. Na yanzu yana karɓar wutar bango ya miƙar da ita, ya daddatsa ta sau dubbai a daƙiƙa, ya wuce da ita ta wani ɗan ƙaramin tiransifoma, yana auna abin da ke fita yana gyarawa a kowane lokaci. Ko 110 aka ba shi ko 230, abin da zai miƙa wa ordinater bai canjawa. Kamfanonin ba don Allah suka yi ba, sun ga ya fi musu araha su ƙera abu ɗaya su sayar a duniya duka. Mu dai mun ci riba.

Don haka ku juya akwatin sharjer ɗinku, ku nemi inda aka rubuta INPUT, ko ENTRÉE. In kun ga 100-240V da 50-60Hz, shi ke nan, wannan sharjer zai ci wutar Tasawa, ta Kano, ta Makka, ta Guangzhou da ta New York, ba ya buƙatar tiransifoma ko kaɗan. Kusan duk na ordinater haka suke, amma ku karanta da idonku, kada ku ɗauka. Masu sayar da kaya wani lokaci sukan haɗa mutum da ƙaton tiransifoma alhali ba abin da zai yi masa sai nauyin jaka.

Saura baki. A nan ne muke ganin abin da ke tayar mana da hankali. Mai ƙafa biyu ya je Najeriya, ƙofofin soket sun ƙi buɗewa, sai ya tura murfin biro, wani ma makulli, a ramin sama, ya cusa nasa da ƙarfi. Zai shiga, wuta za ta kawo. Amma ƙafafun siraran ne kewayayyu, ramukan masu faɗi ne kuma tazararsu ba ɗaya ba, don haka taɓawar ba ta kama sosai. Inda ƙarfe bai kama ƙarfe ba, nan tartsatsi ke tashi, nan roba ke narkewa, kuma ga shi ba fizibil a kan. Mai ƙafa uku kuma ya zo nan, ya ga ba hanya, sai ya datse kan da reza, ya feƙe wayoyi biyu, ya tura su a priz ya danne da tsinken ashana, wayar ƙasa tana reto. A ɗakin da yara ke rarrafe! Wallahi wannan ya fi kowace wutar waje haɗari.

Alhali maganin yana da sauƙi har ya ba da kunya. Yawancin sharjer ɗin ordinater kashi biyu ne: akwatin, da igiyar da ke zuwa bango, wadda ake cirewa. Bakin da igiyar ke shiga jikin akwatin iri ɗaya ne a duniya, akwai ƙa'idarsa tun 1970. Ko dai rami biyu kamar lamba 8, ko rami uku a tare kamar duwatsun murhu. Ku cire igiyar Kano ku ajiye, ku sayi mai kan Faransa a kasuwa, ku sa. Ranar da za ku koma Najeriya ku mayar da waccan. Mai zirga-zirga tsakanin Tasawa da Mai'adua ko Katsina ya riƙe igiya biyu a jaka, ya huta. In sai da adaftater, a nemi mai kauri wanda kai ke zama daram a cikinsa, mai hanyar wayar ƙasa. Ralonj ɗin nan masu ramuka kamar bakin kada, da ke karɓar kowane irin kai, su ne muka fi saye don arha, kuma su ne suka fi saurin sakin jiki. In kun ga kai yana lilo, ko kun ji ƙauri, ko robar ta fara baƙi, ku jefar.

Maganar wayar ƙasa, mun san gidajenmu da yawa ba a ja ta ba sam. Shi ya sa wani in ya taɓa ordinater mai jikin ƙarfe tana caji, ƙafarsa a ƙasa ba takalmi, yake jin ɗan tsiko-tsiko. Ƴar wuta ce kaɗan da ke zurarowa daga sharjer, wadda ƙafa ta uku ya kamata ta kwashe. In ɗan tsiko ne kawai, yawanci ba ya cutarwa. In ya kai ga fizga, a cire a kai wa mai gyara.

Sai layi na biyu a jikin akwatin, OUTPUT. Nan ne mutane ba sa dubawa, nan kuma ake kashe ordinater. Aron sharjer ya zama mana kamar aron tsintsiya, in baki ya shiga shi ke nan. HP da Dell galibi bolt 19.5 suke ci, Lenovo 20, Acer da Asus 19. Lambar bolt ta dace da abin da aka rubuta a ƙarƙashin na'urarku. Lambar amper kuwa in ta fi ba laifi, na'ura abin da take buƙata kawai take ja, in ta gaza ne sharjer zai yi ta zafi har ya mutu. Ku ninka biyun ku sami wat: 19 sau 3.42 ya ba da 65. Wasu bakunan HP da Dell kamar tagwaye suke, da ƴar allura a tsakiya, amma ta allurar nan na'ura ke gane sharjer ɗinta, shi ya sa Dell kan kunnu da baƙon sharjer ta ƙi cika batir. Jabu kuma ya cika kasuwa, a nan da can. Wanda kuka ɗaga kuka ji shi sakayau kamar fanko, ku yi shakkarsa, abubuwan kariyar ne aka rage a ciki.

Mu koma kan abin da muka ce ku riƙe. A ganinmu, abin da ya fi cin sharjer a yankin nan shi ne wutar gida, lokacin da aka ɗauke aka dawo da ita da ƙarfi, ko ƙaramin gurup da ke hawa da sauka duk sanda firigo ya tashi, ko tsawa a damina, ko ranar da wayar tsakiya ta tsinke a unguwa, wutar da ya kamata ta zo 220 ta doshi 380. Rubutun 100-240 ba ya kare ku daga wannan. In an ɗauke kuran, a zare sharjer daga bango, in an dawo a ba ta ƴan mintoci ta natsu. In hadari ya taso da walƙiya, a zare. A tayar da gurup ya daidaita kafin a sa. Masu sola da ƙaramin konbertiser mai arha, in kun ji sharjer yana kuka kamar sauro yana zafi fiye da kima, wutar da ake ba shi ba santsi gare ta ba. Kuma a zafin Afrilu da Mayu, da inuwa ma ke wuce digiri 40, kada a bar akwatin kan katifa ko ƙarƙashin matashi.

Ga masu tafiya nesa, a taƙaice. Gana da Dubai kan Ingila ne. Aljeriya, Maroko da Turkiyya namu na shiga. Libiya akwai namu, akwai na Italiya mai ƙafa uku a jere. Sin bolt 220 ce kamar mu, amma ƙafafunta masu faɗi ne sirara. Saudiyya sau 60 take a daƙiƙa, ta yanke shawara a 2010 ta koma 230 da kan Ingila, sai dai tsofaffin gine-gine ana iya samun 127, kuma sharjer mai 100-240 bai damu da ko ɗaya ba. Wanda zai damu shi ne kayan zafi da na mota: dutsen guga, butar lantarki, injin aski. In ɗan'uwa ya aiko muku da su daga Amurka an rubuta 120V kaɗai, priz ɗinmu zai ƙone su nan take. Haka babbar ordinater ta teburi, tsofaffin suna da ɗan jan maɓalli a baya, 115 ko 230, jikan wancan na radiyon alhazai. A duba shi kafin a sa.

An taɓa ƙoƙarin haɗa duniya a kan baki ɗaya. A 1986 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta fito da wani kai da ta so kowa ya koma kansa. Afirka ta Kudu ta ɗauka, Brazil ta ɗauki mai kama da shi, sauran kusan kowa ya ce bangon gidajensa sun yi yawa. Ta ɗaya gefen igiyar ne aka ci nasara. Bakin USB-C da ya fito a 2014, wanda na'ura da sharjer ke yin ciniki tsakaninsu kan bolt nawa za a bayar, Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan salula daga 28 ga Disamba 2024, a kan ordinater ta hannu kuma daga 28 ga Afrilu 2026. Da yake kayan hannu na biyu da ke iso mana da yawansu daga can suke fitowa, nan da wasu shekaru rigimar 19 da 19.5 za ta ragu a kasuwar Tasawa. Dokar ba ta taɓa gefen bango ba. Daga Hawandawaki zuwa ƙauyukan Katsina da ke tsallaken iyaka, tafiyar da babur ke yi kafin shayi ya huce, za a ci gaba da canjin igiya.